Yaron da Baba Ya Ce In Goge

Ba na iya wuce rumfar mai faci ban rage tafiya ba. Warin sholisho ne ke tsayar da ni. Mutane suna toshe hanci, ni kuwa sai in ji kamar an buɗe mini ƙofar ɗakin Baffa, ƙanen mahaifina, a gidanmu na Mubi, in gan shi durƙushe kan tabarma da reza a hannu, harshensa a waje kaɗan, yana bin gefen wani dutse da yanka. Sana'arsa gyaran keke ce. Da wannan gam yake liƙe tayar mutane da safe, da shi kuma yake liƙe hotunansa da la'asar, shi ya sa duk hoton da ya fito daga hannunsa sai ka ji yana warin tayar keke.

Kada ka ɗauka mai hoto ne irin na biki da suna. Ko an roƙe shi ba ya zuwa. Shi duwatsu yake ɗauka. Da ruwan farko ya sauka, duwatsun da suka kewaye garinmu suka fara kore, sai ya rataya kyamararsa a wuya ya hau keke ya nufi Gude ko Duvu. Tsakiyar damina kuwa bakin mayo, wato kogin garinmu, yake tarewa, yana jiran ruwa ya kawo ya yi ja. In kaka ta yi, dawa ta sunkuyar da kai, nan ma ba a ganinsa a rumfa sai an bar masa sallahu. Baba, wanda shi ne babba a gidan, ɗan kasuwar yadi, mutum marar son wasa, abin yana ci masa rai. Duk ranar da aka wanko hotuna sai ya juya su ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Fim guda cur, babu ɗan'adam ko ɗaya. Shin dutsen nan gudu zai yi?" Baffa ya yi murmushi ya ce, "Yaya, na jiya ba shi ne na yau ba."

Bayan ɗauka kuma akwai ɓarna, kamar yadda Baba yake kiranta. Baffa yakan sa a wanko masa hoto biyu iri ɗaya, ya ajiye ɗaya, ɗayan kuma ya shiga uku. Ya taɓa yanko jirgin ruwa daga wata tsohuwar kalanda ya ɗora shi a tsakiyar mayo, wurin da mata ke wanki, har wani maƙwabcinmu ya rantse ya ga wucewar jirgin da idonsa. Ya taɓa sa akuyar Kaka ta fi dutsen Gude tsawo. Sararin sama bular wanki yake shafa masa da auduga a kan tsinke, ƙasa kuwa ruwan lalle. In ya gama liƙe-liƙensa sai ya jingina abin da bango ya sake ɗaukarsa da kyamara, ya fito sumul kamar haka Allah ya yi shi. Baba ma bai tsira ba. An yanko shi daga hoton shagonsa, da babbar riga da lemarsa, aka kafa shi a ƙololuwar dutse yana harara. Kwana uku bai amsa gaisuwar Baffa ba, amma na sha ganin hoton a cikin aljihun teburinsa na kasuwa.

Ni kaɗai ce cikin yaran gidan nake zama in kalli wannan aiki har ya ƙare. Da na fara taɓa kyamarar, matan unguwa suka ce mace da kyamara sai ka ce 'yar jarida, ni kuwa ko a jikina. Tun ina ƙarama in aka ce kada in yi abu, ranar nake fara sha'awarsa, kuma har yau ban warke ba.

Mutum biyu ne sai ka san su kafin ka gane abin da nake son faɗa maka. Ta farko Kaka, mahaifiyar su Baba, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Tsohuwar nan ba ta yarda da hoto ba ko kaɗan. Ba wai tana cewa haramun ba ne, a'a, cewa take yi wanda yake son ganinta ya zo ya gan ta, tana nan bakin murhu. Da ta hango Baffa da kyamara sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta bi shi da ludayi. Na biyu taubashina, ɗan Goggo. Goggo ƙanwar Baba ce, mijinta ya rasu ta dawo gida da jaririnta a goye, ba ta kuma sake aure ba. Na girme shi da shekara shida. Ni 'yar namiji ce, shi ɗan mace, don haka bawana nake kiransa, shi kuma tun bakinsa bai iya magana sosai ba yake ce mini mummuna. In na samu alawa sai ya yi mini kirari kafin in gutsura masa.

Wata kaka, lokacin cirar gyaɗa, Kaka ta ce ita da kanta za ta je Duvu ta zaɓi gyaɗar ƙulinta, don an cuce ta a kasuwa. Baffa yana da aboki a can, manomi, Kirista, wanda gonarsa take gindin dutse. Muka tafi mu huɗu, ni da Kaka da Baffa da bawana, lokacin yana ɗan shekara huɗu. Har yanzu ina jin ƙanshin ƙasar da aka tono, da na ɗanyar gyaɗa da matar manomin ta dafa mana da gishiri. Kaka ta samu wani faffaɗan dutse ta zauna tana ɓare gyaɗa tana duba ƙwayarta. Can Baffa ya ga hasken la'asar ya kwanta a jikin dutsen yadda yake so, ya ɗaga kyamara, sai ga Kaka a tsakiyar abin da zai ɗauka. Ya ce, "Inna, ɗan gusa." Ta ce, "Ba inda za ni. Dutse ka zo ɗauka ba ni ba. In na shiga ciki, ruwanka."

Baffa ya dube ni, na dube shi. Ya daidaita komai, ya rataya mini kyamarar a wuya, ya raɗa mini cewa in riƙe numfashi in danna, don in shi ya danna ludayi zai sha. Daidai nan bawana ya rugo da gudu, kumatunsa cike da gyaɗa, zai wuce ta gabanta. Kaka ta miƙa hannu ta dafe masa kai don ya tsaya wuri ɗaya. Na danna. Hoton ya ɗan karkace, dutsen kamar zai zame hagu, amma ga Kaka nan fuska buɗe, tana hararar ɗanta, hannunta na dama a kan jikanta. A duniya kaf wannan ne hotonta. Baffa ya wanko biyu, ya ba abokinsa ɗaya saboda gonarsa ce.

Shekaru suka tafi. Kaka ta rasu ina makarantar sakandare. Baffa ya bi ta bayan na yi aure, ciwon kwana kaɗan, ya bar mini kyamarar da akwatin ƙarfe cike da hotunan duwatsu, har da na Kaka. Na zama malamar firamare, amma ban daina ba. Daga fim na koma waya, daga reza na koma kwamfutar mijina, inda na koyi ɗora wannan kan wancan ba tare da gam ba. Ɗalibaina sun sha ganin kansu a kan gajimare.

Bawana kuwa ya girma ya zama ɗan acaɓa. Ban san ranar da ya fara sauyawa ba, na dai san ranar da na gane. Na shiga gida na ce, "Bawana, zo ka kai ni kasuwa." Maimakon ya ce mummuna, sai ya sunkuyar da kai ya ce in daina wannan wasan, ba shi da asali. Ya ce hotunan da nake tarawa za su kai ni wuta. Na yi masa tatas, don ni ba a gaya mini magana in haɗiye. Da na san wannan ce doguwar maganarmu ta ƙarshe, da wataƙila na sassauta, ko da yake ban tabbata ba. Bayan 'yan watanni ya fita da babur bai dawo ba.

Ranar da masu bindiga suka shigo gari ba sai na ba ka labarinta ba, duk wanda ke Mubi yana da tasa. Da ƙafa muka fita, da yara a kafaɗa, ta cikin duwatsun nan da Baffa ya ƙare rayuwarsa yana ɗauka, har muka tsallaka iyaka. Akwatin yana gidan Baba, ban ko tuna da shi ba sai a rana ta biyu. Da muka dawo bayan an kore su, shagon Baba toka ne, ɗakuna uku na gidan ma haka, har da wanda akwatin yake ciki. Na buɗe shi na tarar da baƙin dunƙule. Maƙwabcin Baba na kasuwa, amininsa na shekara talatin, an kashe shi a ƙofar gidansa. Sannan magana ta fara yawo cewa an ga ɗan Goggo a wani shinge kusa da kasuwa, da bindiga a kafaɗa. Mutum biyu suka faɗa, na uku ya ce kama ce kawai. Daga ranar Baba ya hana a ambaci yaron a gidansa. Goggo kuwa ta ja jikinta. Ta koma kamar baƙuwa, tana cin abinci a ɗaki, in an yi sallama ta shige ciki.

Damina biyu bayan haka, ranar wata kasuwa, sai ga abokin Baffa na Duvu a ƙofar gida, ya tsufa, yana dogara sanda. Su ma an ƙone musu coci da rumbuna. Ya zaro littafin waƙoƙin cocinsu daga jaka, wanda ya ce da shi ya hau dutse ranar gudu, ya buɗe tsakiya ya ɗauko hoton ya miƙo mini. "Yarinyan mai hoto," in ji shi, "na ji naku duka ya ƙone. Ga kakanku. Ya zauna a gonana, ya ce ba zai tashi ba. Ku ne kun fi ni bukatan shi."

Ban taɓa ganin Baba ya yi kuka ba sai ranar. Ya riƙe hoton da hannu biyu yana cewa "Inna, Inna," kamar yaro. Da ya natsu sai ya ce in kai a ƙara masa girma, a sa masa gilashi, a kafa a falonsa. Sannan ya nuna yaron da haɓa. "Amma ki fara cire wancan. Na san kin iya."

Ba zan yi maka ƙarya ba, ban musa ba. Ni ma ina cike da haushin yaron. Saboda irinsa na ɗauki 'yata a wuya kwana uku har ƙafafuna suka fashe, saboda irinsa akwatin Baffa ya zama gawayi. Na kai hoton shagon kwamfuta aka shigar mini da shi cikin kwamfutar, ranar Asabar da hantsi na zauna a gindin mangwaron tsakar gidan Baba, Baba a kujera kusa da ni yana kallo. Goggo tana can bakin ɗakinta tana tsince wake.

Daga ƙafa na fara. Ina ɗebo ciyawa daga gefe ina rufawa, 'yan yatsunsa masu ƙura suka tafi, gajeren wandonsa ya tafi, rigar da ni ce na gaje ta kafin a ba shi ita ma ta tafi. Da na zo kan kumatun nan sai hannuna ya tsaya, amma na cije na shafe. Cikin rabin awa babu shi. Aikin ya yi kyau, ko Baffa ba zai gane an taɓa ba. Abu ɗaya ne ya ƙi. Hannun Kaka ya rage a sarari, yatsu a tanƙware, yana dafe da iska. Baba ya ce in sa mata kwando a ƙasa. Na sa, bai zauna ba, don ba haka ake dafa kwando ba. Ya ce to turmi. Na sa turmi, abin ya koma kamar wasan yara. Ya ce in yanke hannun gaba ɗaya in rufe da mayafi. Aka kira azahar, ya tashi ya ce kafin ya dawo in gama.

Ban ji tahowar Goggo ba, inuwarta kawai na gani a kan gilashin kwamfutar. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, a hankali kamar mai tsoron a ji ta, "'Yar nan, shi wanda kika cire ɗin, ina yake tafiya?"

Na ce, "Ba ya zuwa ko'ina, Goggo. Gogewa ake yi."

Ta ce, "To kada ki goge duka. Ki yanko mini shi daban, ko ƙafarsa ce. Ku riƙe tsohuwar, ni ku ba ni abina. A ƙarƙashin katifa zan sa, ba wanda zai gani."

Tsohuwar nan fa uwarta ce ita ma. Ta yarda ta bar mana uwarta, mu ba ta ƙafar ɗanta ta ɓoye kamar kayan sata. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, bayanta kuma fushi ya taso, ba da Goggo ba, ba ma da Baba ba, da kaina da na zauna rabin awa ina shafe yaron da na goya. Na mayar da komai baya. Turmi ya fita, ciyawa ta janye, ga kumatu, ga kai ya koma ƙarƙashin hannun da ke dafe da shi.

Baba ya dawo ya duba ya sha mur. Ya ce, "Me na ce miki?"

Na durƙusa, don ban taɓa yi masa magana a tsaye ba. Na ce, "Baba, ka yafe mini, ba zan cire shi ba."

"Kin san abin da ya aikata?"

"Ban sani ba, Baba, ji muka yi. In ya aikata, Allah ya bi wa waɗanda ya zalunta hakkinsu, ni ba zan kare shi ko a gaban kowa ba. Amma wannan na cikin hoton shekararsa huɗu. Gyaɗa yake ci. Kuma ba ni na sa shi a wurin ba, Kaka ce ta riƙe shi."

Ya ce in jami'an tsaro suka shigo bincike fa? Na ce ba za su gane ƙaramin yaro ba. Ya ce matar amininsa da aka kashe tana shigowa gidan nan duk Juma'a, ta san yaron tun yana rarrafe, da wane ido zai dube ta in ta ɗaga kai ta gan shi a bango cikin gilashi? Na dai ce, "Ni na danna hoton nan, Baba. In kana so ka kai wa wani ya yanke hannun Inna, ga shi. Ni hannuna ba zai yi ba."

Ya miƙe ya ce, "To ba zai hau bangona ba."

Sai muka ji murya daga baya. "Akwai bango a ɗakina, Yaya." Goggo ce, tsaye da faifan wakenta. Rabon da in ji ta ɗaga murya a gidan nan tun kafin gudu.

Wata biyu Baba bai amsa gaisuwata da baki ba, sai dai ya ɗaga hannu. 'Yan'uwa suka yi ta zarya gidana, wannan ya ce na raina mahaifina, wancan ya ce ina goyon bayan 'yan ta'adda, wata ma ta ce dama tun ina ƙarama kyamara ta lalata ni. Na ba kowa ruwa ya sha, na raka shi ƙofa. Hoton kuwa na kai aka ƙara masa girma yadda yake, da karkacewarsa da komai, na kafa ƙusa da hannuna a ɗakin Goggo, saitin gadonta.

Yanzu abin ya zama wasa. Wayar da ke hannun 'yata, da yatsa ɗaya take cire mutum daga hoto, ta cike gurbin da kanta, har hannun da ya rage ma ta san yadda za ta yi da shi. Ƙawayena suna turo mini hotunan biki, a cire wadda aka yi faɗa da ita, a cire mijin da ya yi saki. Ina ƙara musu haske, ina gyara musu sama, in suna so in sa musu jirgin ruwa a mayo. Cire mutum ne ba na yi, sun sani, sun daina tambaya. Garin ma haka yake, an yi fenti, an sake rufi, gidaje da yawa akwai sunan da ba a faɗa, kamar ba a taɓa haihuwar mai shi ba. Ban ce kowa ya yi irin nawa ba, kowa ya san abin da ya gani. Har yau ba mu san ko ɗan Goggo yana raye ba, kuma in ya shigo gobe ban san ko zan iya kallon fuskarsa ba.

Baba ya tsufa sosai, bai kuma sauya magana ba, sunan yaron bai sake fita daga bakinsa ba. Amma mutum ba ya haƙura da fuskar uwarsa. Kullum in ya karya kumallo sai ya ja sandarsa zuwa ɗakin ƙanwarsa, wai ya zo gaishe ta. Ya tsaya gaban hoton, ya ɗora babban yatsansa a kan fuskar yaron ya rufe ta, sannan ya kalli Inna son ransa. In ya fita, sai Goggo ta tashi ta kama bakin zanenta ta goge shatin yatsan daga gilashin. Ba ta taɓa ce masa ya daina ba, shi ma bai taɓa ce mata ta sauke ba. Gobe ma zai rufe, ita kuma za ta goge, yaron yana nan.